Cikori a Bakin Hanya: Nazari a kan Tsiron da Ya Haɗa Titi da Gona

Gabatarwa

Bakin hanya, wato siririn zirin ƙasar nan da ke tsakanin kwalta da shingen gona ko magudanar ruwa, yana daga cikin wuraren da masana ilimin tsirrai suka daɗe suna wucewa ba tare da sun tsaya ba, domin a al'adar wannan fanni kurmi da tsauni da fadama ne ake ɗauka fagen bincike, shi kuwa gefen titi ana yi masa kallon ragowar aikin injiniya. Wannan ra'ayi ya fara sauyawa ne bayan da noman zamani ya cinye mafi yawan filayen ciyawa na asali a Turai da Amurka ta Arewa, har ta kai ga furanni da dama ba su da sauran mafaka sai wannan ziri da babu mai nomawa. A Birtaniya, ƙungiyar kare tsirrai mai suna Plantlife ta ƙiyasta cewa sama da nau'i 700 na furannin daji ne ke rayuwa a gefen hanyoyin ƙasar, adadin da ya kusa rabin dukkan nau'o'in da ƙasar take da su, alhali kuwa kimanin kashi 97 cikin ɗari na makiyayun furanni na Ingila da Wales sun ɓace tun daga shekarun 1930.

Wannan maƙala ta zaɓi tsiro ɗaya daga cikin mazauna bakin hanya, wato cikori, wanda Larabawa ke kira hindiba, masana kuma suka san shi da sunan Latin na Cichorium intybus tun da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya raɗa masa shi a shekarar 1753. Abin da maƙalar take son tabbatarwa shi ne cewa halayen da suka ba wannan tsiro damar zama a wurin da sauran tsirrai ke ƙonewa, musamman saiwarsa da ɗacinsa, su ne dai suka kai shi gona da tukunya da masana'anta, kuma cewa sunan da ake kiran sa da shi a kowace ƙasa, ko ciyawar banza ko amfanin gona ko abin tattali, ya rataya ne a kan buƙatar mutanen wurin da dokarsu fiye da yadda ya rataya a kan tsiron kansa.

Siffar tsiron da ɗabi'ar furensa

Asalin cikori daga Turai ne da yammacin Asiya da arewacin Afirka, kuma yana cikin babban dangin tsirrai da ake kira Asteraceae, dangin da ya haɗa latas da shuwaka da furen rana. Tsiro ne mai shekaru, ma'ana ba ya mutuwa bayan ya yi 'ya'ya, sai dai karansa ya bushe a lokacin sanyi, saiwar ta zauna a ƙasa ta sake tohuwa idan yanayi ya yi ɗumi. A shekararsa ta farko ba ya yin kara sam, ganye kawai yake shimfiɗawa a da'ira a kan ƙasa kamar faifai, duk ƙarfinsa kuma yana tafiya ne wajen tura saiwa ɗaya mai kauri zuwa ƙasa, irin ta karas amma mafi tsawo da tauri. Sai a shekara ta biyu, bayan sanyin hunturu ya ratsa shi, yake fitar da kara mai rassa, mai tsauri kamar waya, wanda kan kai mita ɗaya ko ya ɗara, ganyen da ke jikinsa kuma ƙanana ne ƙwarai har mai kallo daga nesa zai zaci furannin a jikin busasshen tsinke suke. Idan aka karya karan ko aka yanki saiwar, wani farin ruwa mai kama da madara yana fitowa, kwatankwacin na tumfafiya, ko da yake tsirran biyu ba dangin juna ba ne kuma na cikori ba shi da irin wancan dafi.

Abin da ido ke gani a matsayin fure ɗaya, mai faɗin santimita 2 zuwa 4, a haƙiƙa taron ƙananan furanni ne da suka haɗu a kai guda, wanda kuma shi ne alamar wannan dangi baki ɗaya. Kowane shuɗin harshe da ke cikin da'irar fure ne cikakke mai gaɓoɓin namiji da na mace, bakinsa a yanke kamar an sa almakashi, da ƙananan haƙora biyar waɗanda ke nuna cewa ganyen fure biyar ne suka manne suka zama ɗaya. Launin shuɗi ne mai haske irin na sararin sama da hantsi, kuma ba shi da yawa a cikin furannin waɗancan ƙasashe, inda fari da rawaya suka fi rinjaye. Sinadarin da ke ba da wannan launi yana sauyawa idan ya haɗu da tsami, abin da ya sa tun ƙarnoni da suka wuce mutanen karkara a Turai suka lura cewa idan aka jefa furen a gidan tururuwar daji, tsamin da ƙwarin ke fesawa yana mayar da shi ja-ja.

Furen ba ya daɗewa. Yana buɗewa da sassafe, ya fuskanci rana, zuwa tsakar rana ya rufe, kuma wanda ya rufe ba ya sake buɗewa, washegari wasu sababbi ne za su maye gurbinsa, haka nan daga watan Yuli har zuwa Oktoba. Saboda wannan tsari ne Linnaeus ya sanya cikori cikin jerin tsirran da ya ce za a iya haɗa agogon furanni da su, a littafinsa Philosophia Botanica na shekarar 1751, inda ya yi hasashen lambun da mutum zai iya sanin lokaci ta hanyar duba wane fure ne a buɗe. An daɗe ana ɗauka cewa haske da zafi ne kaɗai ke juya wannan agogo, sai a shekarar 2011 wasu masu bincike na Jami'ar Göttingen a Jamus suka nuna cewa a cikin 'yan uwan cikori na kusa, furen da ƙwari suka kai wa ƙurar haihuwa yana saurin rufewa, wanda kuma ba a ziyarta ba yana jinkirtawa har zuwa yamma. Ma'anar wannan ita ce agogon yana tafiya ne da ƙudan zuma, kuma akwai wani nau'in ƙudan zuma mai haƙa rami a yashi, Dasypoda hirtipes, wanda kusan duk abincin 'ya'yansa daga wannan reshe na dangin yake tarawa, aikinsa ma da safe ne kamar furen.

Sunayen da al'ummomi suka ba tsiron sun nuna cewa tun da daɗewa aka san mazauninsa. Jamusawa suna ce masa Wegwarte, wato mai jiran hanya, kuma suna da tatsuniyar wata budurwa da ta tsaya a bakin hanya tana jiran saurayinta da ya tafi yaƙi har ta rikiɗe ta zama fure mai shuɗin ido. A harshen Cek sunansa yana nufin mai jira, a harshen mutanen Folan kuma ana haɗa shi da kalmar matafiyi.

Bakin hanya a matsayin muhalli

Ƙasar gefen titi ƙasa ce da ɗan Adam ya ƙera ba da niyya ba, kuma tana da sharuɗɗa masu tsanani. Manyan injuna sun danne ta lokacin gini har ruwan sama ba ya shigar ta da sauƙi, an kwashe ƙasar sama mai taki an bar tsakuwa da ɓaraguzan dutse, sau da yawa na farar ƙasa, waɗanda ke rage tsamin ƙasa, kwalta kuma tana tara zafin rana tana hura shi a kan duk abin da ke kusa. A ƙasashen da ake dusar ƙanƙara akwai ƙarin masifa, wato gishirin da hukumomi ke zubawa a kan titi don narkar da ƙanƙara, wanda a Amurka kaɗai yake kai miliyoyin tan a kowace shekara, kuma ƙarshensa a gefen hanya yake taruwa. Ƙarfin tasirin gishirin ya bayyana a Birtaniya, inda wani ɗan tsiro mai farin fure da ake kira Cochlearia danica, wanda a da ba a san shi ba sai a gaɓar teku, ya bi manyan tituna tun daga shekarun 1980 har ya isa tsakiyar ƙasar. A kan dukkan waɗannan kuma ga injin yankan ciyawa da ke zuwa sau ɗaya ko sau da yawa a shekara.

Cikori yana da amsa ga kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, kuma mafi yawan amsoshin a ƙarƙashin ƙasa suke. Doguwar saiwarsa tana huda dannanniyar ƙasa ta kai ga laimar da ciyayi masu gajerun jijiyoyi ba sa isa gare ta, shi ya sa a watan Agusta, lokacin da gefen titi ya bushe ya yi ja, shi ne ake gani yana fure. Yana son ƙasar da ke da farar ƙasa, wadda tsakuwar gini ta tanadar masa. Ganyensa na ƙasa a kwance yake, ƙasa da inda wuƙar inji ke wucewa, idan kuma aka sare karan, abincin da ya tara a saiwa ya ishe shi ya fitar da wani gajere ya yi fure a kansa cikin 'yan makonni. Babban rauninsa shi ne ba ya jure inuwa, don haka a ƙasa mai taki, inda dogayen ciyayi ke tashi da sauri, su ne ke rufe shi su kashe shi. Talaucin ƙasar bakin hanya da yankan da ake yi mata su ne ke kore masa abokan gasa.

Masanin muhallin tsirrai J. Philip Grime na Jami'ar Sheffield ya gabatar da wani tsari a shekarun 1970 wanda ya kasa dabarun rayuwar tsirrai gida uku: masu gasa, waɗanda ke cin nasara inda abinci ya wadata, masu juriya, waɗanda ke zama inda abinci ko ruwa ya yi ƙaranci, da kuma 'yan kango, waɗanda ke saurin tsirowa su yi iri su mutu a wuraren da ake yawan tayar da ƙasa. Littattafai da yawa suna jefa dukkan tsirran bakin hanya cikin kaso na uku, amma wannan gajarta ce da ba ta dace da cikori ba, domin tsiron da ke shafe shekara guda yana gina saiwa kafin ya yi fure ba mai gaggawa ba ne. Ya fi kyau a ɗauke shi a matsayin wanda ya haɗa kaɗan daga kowane kaso, kuma wannan haɗin ne ya dace da wurin da ake sarewa a kai a kai amma ba a huɗa.

Akwai tambaya guda da siffar irinsa ke tayarwa. Ɗan uwansa mai rawayan fure da ake kira Taraxacum yana da gashi a kan kowane iri kamar laima, wanda iska ke ɗauka ta kai shi nesa, shi kuwa cikori wannan gashi ya ragu a jikinsa ya zama 'yan ƙananan ɓawo, don haka irinsa a gindin uwa yake faɗuwa. Yaɗuwarsa a tsawon dubban kilomita na hanya aikin mutum ne: laka a jikin taya, ƙaiƙayi a cikin injin yankan ciyawa, harawa da ake jigila, da ƙasar cike da ake kwasowa daga wani wuri. Masu bincike a birnin Balin sun gwada ƙarfin wannan hanya ta yaɗuwa, inda suka ajiye tarkon iri a cikin dogayen hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da babu tsiron da ke fitowa a ciki, suka kuma wallafa a shekarar 2007 cewa motoci suna zubar da irin tsirrai iri-iri, wasu ma daga wurare masu nisa. Abokan zaman cikori a titunan Amurka, irin su karas ɗin daji mai farin fure kamar lema da Plantago major wanda wasu 'yan asalin nahiyar suka laƙaba wa sunan sawun Bature, duk ta irin wannan hanya suka bi mutane daga Turai.

Daga gefen hanya zuwa tukunya

Ɗacin cikori yana fitowa ne daga wasu sinadarai da ke cikin farin ruwan nan, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne laktusin da laktukofikirin, kuma amfaninsu ga tsiron shi ne korar ƙwari da dabbobi. Mutanen yankin Bahar Rum sun mayar da wannan kariya abin marmari tun zamanin da. Dioscorides da Pliny, marubutan ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, sun ambace shi a matsayin ganye da magani, likitocin Musulunci kuma sun gaje shi da sunan hindiba suna ba da shi ga masu ciwon hanta. Ibnul Ƙayyim ya kawo shi a babin magunguna na littafinsa Zadul Ma'ad, inda ya bayyana amfaninsa a likitance amma ya yi gargaɗin cewa hadisan da ake yaɗawa game da falalarsa ba su inganta ba, rarrabewar da masu tallar maganin gargajiya a yau za su amfana da ita. Har yanzu a Labanan ana dafa ganyen da man zaitun da soyayyar albasa, a kudancin Italiya kuma ana cin sa da dakakken wake.

Daga wannan tsiro ɗaya manoma suka fitar da amfanin gona da ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. A yankin Veneto na Italiya an samar da mai jan ganye da ake kira radikiyo, wanda garuruwan Treviso da Chioggia suka yi suna da shi. A Beljiyam, a kewayen birnin Brussels cikin ƙarni na 19, aka gano cewa idan aka haƙe saiwar aka datse ganyenta aka ajiye ta a wuri mai duhu da ɗumi, tana fitar da wani dunƙulallen toho fari mai taushi wanda ɗacinsa bai kai na koren ganye ba, domin rashin haske ya hana shi yin kore. Wannan shi ne witloof, wato farin ganye a harshen mutanen wurin, kuma a yau ana tsirar da shi ne a cikin tire na ruwa a ɗakuna masu duhu na kimanin mako uku. Duk abin da tohon ke ci a wannan lokaci daga ajiyar saiwa yake fitowa, ajiyar nan da ke ba ɗan uwansa na bakin titi damar tashi bayan inji ya wuce.

Sunan wannan ajiya inulin, wani nau'in sitaci ne da aka gina da sarƙar sukarin 'ya'yan itace, kuma ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin ɗanyar saiwar da aka noma. Idan aka yayyanka saiwar aka busar aka gasa, inulin yana narkewa ya ƙone kamar sukari a kasko, ya ba da gari mai duhu wanda ruwansa ke kama da gahawa a launi da ɗaci, ko da yake babu sinadarin kafin mai hana barci a cikinsa. Tarihin wannan abin sha tarihin takunkumi ne da talauci. A ƙasar Furusiya, Sarki Frederick na Biyu ya ga kuɗin ƙasarsa suna fita waje wajen sayen gahawa, sai ya goyi bayan masana'antar cikori da aka fara kafawa a Braunschweig da Balin wajen shekarar 1770, sannan a 1781 ya mayar da gasa gahawa haƙƙin gwamnati kaɗai, ya kuma ɗauki tsofaffin sojoji kimanin 400 aikin zagaya unguwanni suna shinshina ƙamshi don kama masu gasawa a ɓoye. Bayan da Napoleon ya rufe tashoshin Turai ga jiragen Birtaniya a shekarar 1806, gahawa ta yi wuya a Faransa, noman cikori ya kafu a arewacin ƙasar, inda kamfanin Leroux na garin Orchies yake sarrafa shi tun 1858. Haka abin ya maimaitu a birnin New Orleans lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ya kuma sake maimaituwa a Jamus ta Gabas a 1977, lokacin da tsadar gahawa a kasuwar duniya ta sa gwamnati ta fito da wani gauraye wanda kusan rabinsa ba gahawa ba ne, jama'a suka ƙi shi da fushi.

Abin lura shi ne yadda abu ɗaya ya samu hukunci iri biyu. A Landan, likita Arthur Hill Hassall ya duba samfurin gahawa 34 da madubin ƙara girma a shekarar 1850 ya tarar uku ne kawai ba a gauraya ba, mafi yawa da cikori, binciken da ya ci gaba da shi a mujallar The Lancet kuma yana cikin abubuwan da suka haifar da dokar hana algus a abinci ta 1860. A can algus ne, domin an ɓoye shi an kuma karɓi kuɗin gahawa. A New Orleans da arewacin Faransa da kudancin Indiya kuwa, harshen mutane ya saba da shi har bayan da wahalar ta wuce, ya zama ɗanɗanon gida da ake nema da gangan, kamar yadda gaurayen Ricoré na kamfanin Nestlé, wanda ya fito a 1953, yake nunawa. Ana noma shi don wannan kasuwa a jihohin Gujarat da Uttar Pradesh na Indiya da kuma lardin Gabashin Kef na Afirka ta Kudu. Mai karatu a ƙasar Hausa ya san makamancin wannan a rai-ɗore, tsiron bakin hanya da juji wanda ake gasa 'ya'yansa a sassan Afirka ta Yamma a sha a madadin gahawa, da kuma tafasa, wadda ciyawa ce a idon mai gyaran titi amma kwaɗo ce a hannun mai girki.

A 'yan shekarun nan darajar saiwar ta koma ga inulin ɗin kansa. Cikin ɗan Adam ba ya iya narkar da shi, don haka yana wucewa har babban hanji, inda wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke ci, wanda ya sa masana'antun abinci ke zuba shi a madarar yogot da biskit don ƙara harza da rage sukari, duk da cewa yawansa yana kawo kumburin ciki. Manyan masana'antun da ke tace shi suna Beljiyam da Holan. Makiyaya ma sun shigo ciki, domin a shekarar 1985 aka fitar da wani iri na kiwo mai suna Puna a ƙasar New Zealand, wanda ke ba tumaki korayen ganye a lokacin fari, bincike kuma ya nuna yana rage musu tsutsar ciki.

Doka da injin yankan ciyawa

A Jamus da Birtaniya ana lissafa cikori cikin tsofaffin baƙi, wato tsirran da mutane suka kawo kafin wajen shekarar 1500, waɗanda masu kare muhalli ke yi wa kallon 'yan gida. Gidauniyar Loki Schmidt ta Jamus ta zaɓe shi furen shekara a 2009 domin jawo hankali ga raguwarsa a wasu jihohin ƙasar. A Amurka kuwa baƙo ne na baya-bayan nan, wanda aka shigo da shi aka kuma karɓe shi hannu bibbiyu a ƙarni na 18, har Thomas Jefferson ya shuka shi a gonarsa ta Monticello don dabbobi, amma a yau jihar Colorado ta sanya shi cikin jerin ciyayi masu cutarwa. Manufar gwamnatin tarayya ma ta karkata ga tsirran asali: bayan dokar ƙawata manyan hanyoyi ta 1965, wadda Lady Bird Johnson, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta yi wa fafutuka, wata doka ta 1987 ta wajabta ware rubu'in kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin ƙawata hanyoyin tarayya don shuka furannin asalin ƙasar.

Hujjar masu wannan manufa tana da ƙarfi, domin akwai ƙwari da dama da ba sa iya rayuwa sai da tsiron da suka taso tare da shi, misali malam-buɗe-littafin nan da ake kira monak wanda tsutsarsa ba ta cin komai sai ganyen dangin Asclepias. Sai dai sanya cikori a sahun masu mamaye daji ya wuce gona da iri, domin tsiron da inuwa ke kashewa ba ya shiga kurmi ko ingantacciyar makiyaya, yana tsayawa ne a inda mutum ya riga ya lalata. Mita ɗaya ko biyu na farko daga bakin kwalta, inda gishiri da zafi suka fi tsanani, wuri ne da mafi yawan furannin asali ba sa kamawa ko an shuka su, don haka fesa maganin ciyawa a wurin yakan bar ƙasa tsirara ne kawai, ruwa ya zaizaye ta.

Abin da ya fi tasiri a kan furannin bakin hanya, na gida da baƙi, shi ne lokacin yanka da kuma abin da ake yi da ciyawar da aka yanke. Idan aka yanka a watan Yuni ko farkon Yuli, an sare furen kafin ya yi iri, an kuma yanke wa ƙudan zuma abinci a tsakiyar aikinsu. Idan aka bar yankakkiyar ciyawar a wurin ta ruɓe, ta zama taki, shekara bayan shekara ƙasar tana ƙara ƙarfi, dogayen ciyayi su mamaye, hukuma kuma ta ƙara yawan yanka da kashe kuɗi. Hukumar hanyoyi ta jihar Texas ta fahimci rabin farko na wannan tun 1934, lokacin da ta ba da umarnin jinkirta yanka har sai furannin farkon shekara sun zubar da iri. Rabi na biyu kuwa an gwada shi a gundumar Dorset ta Ingila, a kan sabuwar hanyar Weymouth da aka buɗe a 2011, inda aka ƙi mayar da ƙasa mai taki a kan gangaren alli da aka yanka, aka watsa irin furanni a kan kusan tsurar farar ƙasa. Gangaren ya cika da furanni da malam-buɗe-littafi iri-iri, kuma kusan ba ya buƙatar yanka, abin da ya ƙarfafa wa gundumar gwiwa ta riƙa amfani da injunan da ke yanka suna kwashewa a sauran hanyoyinta. Tsarin da Plantlife ke ba hukumomi shawara a kai ya bi wannan layi: a riƙa aske siririn zirin da ke manne da kwalta da kuma mahaɗar hanyoyi domin direba ya ga gabansa, sauran faɗin kuma a bar shi sai daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Satumba, ko ma a jinkirta zuwa ƙarshen wannan lokaci inda akwai masu makara wajen fure irin cikori, sannan a kwashe abin da aka yanke a fitar da shi daga wurin.